Tirigonometiri: Hadda ko Zane?

A tirigonometiri, wato lissafin kusurwoyi da gefunan alwatika, hadda tana da sauri. Ɗalibi ya riƙe SOHCAHTOA, kalmar da ake tuna sin, cos da tan da ita (kowannensu tsawon wani gefen alwatika ne bisa wani), ya san sin 30 rabi ne, tan 45 ɗaya, ya wuce. Amma ranar jarrabawa, tambaya na canza salo sai kai ya ɗaure: sin 60 ne rabi, ko cos 60?

Zane kuwa yana cin lokaci, amma ni shi na fi so. Zana alwatika mai gefe uku daidai, kowanne tsawonsa 2, ka tsaga ta tsakiya. Ga kusurwa 30, ga 60. A kowane rabi, gindin ya zama 1, dogon gefen 2. Cos 60 ke nan, gindin da ke jikin kusurwar bisa dogon gefen, 1 bisa 2, ido na gani. Ko ka manta, bayan takardar tambayoyi ya isa ka sake zanawa.