Gargaɗi kan masu "ɗaga tsohuwar waya zuwa Android 14": abin da ya faru da ƙanwata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu saboda mai abin ba ta so a ji. Amma da na ga tallar nan ta sake ɓullowa a status ɗin mutum uku cikin mako guda, sai na nemi izininta. Ta ce in rubuta, kada dai in kama suna. To ba zan kama ba, nata ko na kasuwar da abin ya faru.

Tallar kun san ta, ko da ba da waɗannan kalmomin ba: kawo tsohuwar wayarka mu mayar maka da ita sabuwa, Android 14, RAM 8GB, 5G, in kana so ma a sa maka tsarin iPhone, duk cikin rabin awa.

Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp. Wayarta ta 2018 ce, Android 8.1, RAM 1GB. Ta tsufa, tana jan jiki, amma da ita ake ci da ita ake sha. Matsalar ta fara ne ranar da manhajar bankinta ta ƙi sabuntawa, ta ce wayar ta yi baya. Sabuwar waya kuwa kowa ya san abin da ake cewa yanzu a kasuwa. Da ta ga tallar sai ta ga kamar addu'arta ce aka amsa. Ba ta gaya mini ba, don ta san zan hana, ta ɗauki Napep ta tafi.

Mutumin ba shi da shago. Tebur ne da lema a gaban shagon wani, da kwamfutar tafi-da-gidanka da tarin wayoyin caji. Ya ce mata, "Hajiya, aiki ne mai sauƙi. Ki bar layukan a ciki don in gwada sabis, ki cire makullin, ki ɗan zagaya ki dawo." Suka daidaita a kan naira 8,000. Rabin awa ya zama awa biyu. Da ta dawo ya miƙa mata waya fes, hoton bango sabo, gumakan manhajoji sun canza kama. Ya shiga setin da kansa ya nuna mata da yatsa: Android 14, RAM 8GB. Komai na ciki ya goge, amma ya ce haka aikin ya gada. Sai ya yi mata "kirki", ya ce ta zauna ya taya ta mayar da Gmail da WhatsApp kafin ta tafi. Ta karanto masa kalmar sirrin Gmail da bakinta, shi ya rubuta. Lambar WhatsApp ta shigo, ya sa mata. Ya riƙe wayar kamar minti biyu yana cewa bari ya ga ko saƙonni suna shiga, sannan ya ba ta. Har addu'a ta yi masa.

Tun a daren ta ga alama. Manhajar bankin da ta sa aka yi duk wannan wahala har yanzu ba ta sauka. Layi na biyu ya daina kama sabis. Wayar kuma nauyinta na nan, har ya fi na da. Ta kira shi ya ce sai wayar ta "saba da sabon tsari", ta ba ta kwana uku.

A kwana na huɗu wata kwastoma ta kira tana faɗa, wai ta tura kuɗi tun shekaranjiya ba a kawo mata kaya ba. Ƙanwata ta ce ba ta ga alat ba. Matar ta turo hoton hirarsu: ga saƙo daga lambar ƙanwata, da irin gaisuwar da ta saba yi, yana cewa asusunta ya samu matsala, a tura ta wannan. Mutum uku suka tura, jimla naira 46,000. Sai a lokacin ta kira ni tana kuka. "Yaya, na shiga uku."

Da na karɓi wayar, wurin farko da na duba shi ne jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinta. Ga kwamfuta nan zaune tun ranar da ta je wurinsa. WhatsApp yana ba da damar haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har huɗu, kuma haɗawar ba ta wuce ɗaukar hoton wani tambari a fuskar kwamfuta da kyamarar wayar. Minti biyun nan da ya riƙe ta, abin da ya yi ke nan. Tun daga ranar yana karanta duk hirarta, ya ga wanda ya yi oda, ya riga ta amsawa da tsakar dare, ya goge saƙon daga ɓangarenta.

Na kai wayar wurin wani abokina da ya shekara sama da goma yana gyaran waya. Ya sa wata ƙaramar manhaja mai karanto bayanan cikin waya, ya yi dariya, ya ce, "Mutumina, angulu da kan zabo aka sayar muku." Kowane Android yana da sunan da ake nuna wa mai waya, yana kuma da wata lamba ta ciki da ake kira API, wadda ita manhajoji da Play Store suke dubawa. Android 8.1 lambarsa 27, Android 14 kuma 34. Wayar ƙanwata a fuska tana cewa 14, a ciki tana cewa 27. Akwai wani ɗan fayil a cikin tsarin waya mai suna build.prop inda ake rubuta sunan sigar, kuma duk wanda ya samu shiga can zai iya goge 8.1 ya rubuta abin da ya ga dama. Ya rubuta 20 ma waya ba za ta yi masa gardama ba. Sauran kwalliyar kuma lonca ce kawai, wato manhajar da ke canza kamannin fuskar waya, irin wadda yaro ke saukewa kyauta daga Play Store.

Maganar RAM ta fi ba ni haushi, don ita ƙarya ce tsirara. RAM ƙarfe ne da aka liƙa a jikin allon waya tun daga masana'anta. Ba a turo shi ta kebul. Abin da wasu sababbin wayoyi ke kira ƙarin RAM aro ne suke yi daga ma'ajiyar waya, kuma bai kai na gaske sauri ba. Haka 5G: sai wayar tana da na'urar kama shi a ciki. Tsarin iPhone kuwa kamfanin Apple bai taɓa sakinsa don wata waya da ba tasa ba. Duk wanda ya nuna maka Tecno ko Samsung da fuskar iPhone, riga ce ya sa mata.

Layin da ya mutu ma mun gano dalilinsa. Muka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar waya da kowane gurbin layi ke da tasa, ta farko ta fito da alƙalumanta 15, ta biyu babu. A wayoyi masu injin MediaTek, in mai filashi, wato mai sake zuba wa waya tsari, ya zaɓi ya share komai kafin ya zuba sabon fayil, yana iya haɗawa da wurin da waɗannan lambobi suke ajiye. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan kwafe wurin ya adana kafin ya taɓa komai. Wannan bai damu ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Canza wa tsohuwar waya babbar manhaja abu ne na gaske, ana yi, kuma yana tsawaita ran waya. Google yana sakin tushen Android a fili ga kowa, wasu masu sa kai kuma suna ɗauka su gina nasu. Mafi shahara shi ne LineageOS, wanda ya gaji CyanogenMod bayan an rufe shi a ƙarshen 2016. Kyauta ne, ba a sayar da shi. Amma ba kowace waya ba. Suna da jerin wayoyin da suke tallafawa a shafinsu, kowace da fayil ɗinta na kanta, kuma in ka zuba na wata a kan wata kana iya kashe ta. Waɗanda suka fi yawa a jerin su ne irin su Pixel, OnePlus, Motorola, Xiaomi da wasu Samsung. Yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanenmu ba sa ciki. To wanda ya ce maka "kowace irin waya" tun daga nan ya fara ƙarya.

Ko wayarka tana cikin jerin, akwai farashin da mai gaskiya zai gaya maka kafin ya fara. Sai an buɗe makullin da ke hana zuba wani tsari, wanda masu gyara ke kira butloda, kuma buɗe shi yana goge duk abin da ke cikin wayar. Wasu kamfanoni ma ba sa bari: Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Xiaomi ya daɗe yana sa mutum jiran awa 168, mako guda cur, kafin makullin ya buɗu, ka ga maganar rabin awa ba ta taso ba. A Samsung akwai tsaron Knox, wanda in aka zuba abin da ba na kamfani ba yake barin alamar da ba ta gogewa har abada, wasu abubuwa irin su Secure Folder su daina aiki ko da an mayar da tsarin asali. Babban abin kuma shi ne banki. Manhajojin kuɗi da yawa suna tambayar Google ko wannan waya tana nan yadda kamfani ya yi ta, in amsar a'a ce sai su ƙi buɗewa. Wato wanda ya je canza tsari don manhajar banki ta yi aiki, sau da yawa hanyar da ya bi ce za ta rufe masa ƙofar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuɗin da aka ci ba ne. Fayil ɗin da mutumin nan ya zuba, ba mu san daga ina ya samo shi ba, ba mu san me aka cusa a ciki ba. Ƙwayar cutar da ke zaune cikin tsarin waya kanta ba ta fita da goge-goge na setin, don gogewar bayananka take sharewa, ba tsarin ba. Ba tatsuniya ba ce: a 2019 Google da kansa ya bayyana yadda aka samu wata mai suna Triada a dasa cikin tsarin wasu wayoyi tun kafin su isa hannun masu saye. In hakan na iya faruwa a hanyar masana'anta, ina ga teburin da ke ƙarƙashin lema? Saboda haka abokina bai tsaya gyara ba, ya samo fayil ɗin asali na wayar ya sake zubawa gaba ɗaya. Ta koma Android 8.1 ɗinta, RAM 1GB ɗinta.

Sannan ga layi. Awa biyu layukanta suna hannunsa babu makulli. A Najeriya duk wanda ya riƙe layin da ka yi rajistar banki da shi zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, kuma duk lambar tabbatarwa da banki ko masu ba da bashi ta waya za su turo, hannunsa za ta faɗa. Ba gyaran tsarin waya da ke buƙatar layinka. In gwajin sabis ne, kowane mai gyara yana da nasa layin gwaji a aljihu.

Akwai kuma 'yan uwansu da ba sa ma buƙatar ka je. Su a Telegram da WhatsApp suke, ka tura 2,000 ko 3,000 su turo maka fayil na APK, wato fayil ɗin sa manhaja a waya, mai suna irin "sabunta Android", su ce ka sauke ka ba shi duk izinin da ya nema. Sabon Android ba ya zuwa a matsayin manhajar da ake turowa a hira. In na kamfani ne, cikin setin wayarka zai zo da kansa. Abin da suka turo, da zarar ka ba shi izinin karanta saƙonni da na sarrafa fuskar waya, ka ɗauki ɓarawo gadi.

Ga wanda ya riga ya kai wayarsa irin wannan wuri: yau ɗin nan ka buɗe WhatsApp ka duba na'urorin da aka haɗa, ka fitar da duk wadda ba ka sani ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ka canza kalmar sirrin Gmail daga wata wayar daban, ba daga ita wadda aka taɓa ba. Ka je banki ka canza lambobin sirrinka, ka nemi a duba maka ko an yi wani motsi. Ka danna *#06# ka gwada da abin da ke jikin kwali. Ka shiga setin Play Store, can ƙasa wurin bayani, ka ga ko ya ce na'urar tana da shaidar Play Protect. In kana da kwastomomi, ka sanar da su da muryarka cewa lambar asusunka ba ta canza ba.

Mun koma kasuwar ni da ita. Tebur babu, lema babu, lambarsa a kashe. Mai shagon da yake zama a gabansa ya ce wata biyu kawai ya yi, kuɗin wuri yake biya kullum da yamma, ko cikakken sunansa bai sani ba. Shugabannin kasuwar suka duba littafinsu suka ce ba ɗan ƙungiya ba ne. Mun kai rahoto ga 'yan sanda da banki tare da lambar asusun da aka tura kuɗin, muna jira. Kwastomomin uku dai ƙanwata ta aika musu kayansu daga jarinta, don ta ce ba laifinsu ba ne. Ɗaya daga cikinsu ta karɓi kayan, amma har yau ba ta sake yin oda ba.

Mai tallar da na gani wannan makon da wata lamba yake amfani, amma hoton da ke jikin tallar shi ne dai wanda ƙanwata ta gani: tsohuwar waya a hagu, kibiya ja a tsakiya, iPhone a dama. In ya biyo ta status ɗinku, ku tura wa mai shi wannan rubutun kafin ya sake yaɗawa.