Garin furotin ko ƙwai da wake: wanne za a ba Baba?

'Yar uwa, kin tambayi abin da za ki ba Babanki don ƙarfin jikinsa ya dawo: tsakanin garin furotin (sinadarin gina jiki) na gwangwani da abincin gida, ɗauki abincin gida, kuɗin garin ki sai masa ƙwai da kifi.

Na taɓa sayen gwangwanin nan don mahaifinmu lokacin yana da shekara 71. Ba zan ce ba shi da amfani ba, ludayinsa ɗaya kan ba da furotin kusan giram 24. Amma tsada gare shi, Baba ya sha sau uku ya ce yana kumbura masa ciki, har garin ya lalace a kabad.

Abin da ya ɗaga shi a tukunya yake. Tsoka kan fara zubewa tun daga shekara 30, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Jikin tsoho ba ya cin moriyar furotin kamar na saurayi, shi ya sa yake bukatar giram 1 zuwa 1.2 kan kowane kilo na nauyinsa a rana, a raba sau uku. Kuskurenmu koko zalla da safe, tuwo da dare. Sai muka gyara: ƙwai biyu da ƙosai da safe (ƙwai ɗaya na da furotin giram 6), wake ko alale da rana, da dare a farfasa busasshen kifi cikin miyar kuka. Da la'asar kindirmo ko awara, tunda haƙoransa ba sa iya kilishi.

Amma fa abinci kaɗai bai gina tsoka, sai an ba ta aiki. A 1990 a Boston ta Amurka an sa tsofaffi 'yan wajen shekara 90 ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8, ƙarfinsu ya ninka fiye da biyu. Mu kujera muka yi amfani da ita: ya zauna ya miƙe sau 10 ba tare da dafa hannu ba, sannan ya ɗaga jarkar ruwa, kwana uku a mako. Mutumin da ya koma sallah a zaune, bayan wasu watanni na shigo na tarar yana miƙewa daga sujada da kansa. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ki kiyayi masu tallar "maganin gina jiki" a WhatsApp da bakin kasuwa. Wasu garin fulawa da sukari suke durawa a gwangwani, wasu kuma su zuba wani maganin asibiti mai ƙarfi da ake kira dexamethasone. Wannan kumbura fuska yake yi, ya tada sukari, ya cinye tsokar da kike nema. Duk abin da babu lambar NAFDAC, bar musu kayansu.

In Babanki na da ciwon ƙoda, kada ki ƙara masa furotin sai likita ya amince. In babu, gobe ki sayo kiret ɗin ƙwai, ki ajiye masa kujera mai ƙwari a jikin bango.