Sky-Watcher Skyliner 200P: na'urar da ke nuna guguwar Jupita

Mai son ganin guguwar wata duniya da idonsa, daga Jupita zai fara. Babban Jan Tabon da ke kudancinta guguwa ce da ta fi duniyarmu faɗi, iskarta tana wuce kilomita 400 a awa, kuma masana suna bin diddiginta ba fashi tun 1878. Tana ƙanƙancewa: a ƙarshen ƙarni na 19 faɗinta ya kai kusan kilomita 40,000, a 2017 kuwa bai fi 16,000 da 'yan kai ba. Wannan na'urar hangen nesa tana nuna ta, amma sai an bi ƙa'ida.

Faɗin babban madubinta milimita 200 ne, tsawon zangon haskenta (nisan da ke tsakanin madubin da inda hoto ke haɗuwa) milimita 1,200. Gilasan ido biyu, wato waɗanda ake ɗora ido a kai a leƙa, ake haɗo ta da su, na milimita 25 mai girmama abu sau 48, da na milimita 10 mai sau 120. Da na farkon za a ga Jupita da manyan watanninta huɗu da ɗamara biyu masu ruwan ƙasa a tsakiyarta. Tabon sai da na biyun, shi ma ɗin ba wani gilashin a zo a gani ba ne. Gara a ƙara kuɗi a sayi na milimita 6, a samu sau 200.

Kada a sa ran jan nan na hotunan kumbon Juno da aka aika Jupita. A ido, tabon ɗan ƙwai ne mai launin ja-ja da ya koɗe, ya lotsa gefen ɗamarar kudu. Matatar haske shuɗiya mai lamba 80A tana ɗan fito da shi.

Abin da ya fi ɓata wa mutane kallo shi ne lokaci. Jupita tana juyawa sau ɗaya cikin awa 10 ba kaɗan, don haka tabon yakan ɓuya a bayanta. Sai a duba manhajar Stellarium a ga sa'ar da zai ratsa tsakiya, a yi kallon cikin awa guda kafin nan ko bayansa. A fitar da na'urar waje minti 45 kafin a fara, domin madubi mai ɗumi yana sa hoto rawa kamar kwalta da rana tsaka. Haka kuma kallo ta saman rufin kwano da ya sha rana. Idan ƙaramin madubin da ke kusa da bakin bututun na'urar ya goce daga saiti, komai zai dushe. Ana gyara shi da 'yan sukurorin da ke jikinsa.

Ba ta da injin bin taurari. A sau 200, Jupita takan fice daga gilashi cikin minti guda, sai an dinga tura bututun a hankali. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar duniyoyi irin su Jupita sukan hau kusan tsakar ka, abin da ke ƙara tsabtar hoto, amma a nan ne gindin katakon da na'urar ke zaune a kai ya fi wuyar sarrafawa. Lokacin hunturu a rufe bakin bututun da zarar an gama, idan ƙura ta sauka a madubi ba a goge ta da tsumma, tana kankare shi.

Duniyar Zuhal (Saturn) kuma zobbanta sukan fito sarai, sai dai farar guguwarta takan tashi ne kusan duk shekara 30, ta ƙarshe a Disamban 2010. Neftun, mai iskar da ke kaiwa kilomita 2,000 a awa, ɗigo ne shuɗi kawai. Nauyin na'urar da gindinta ya haura kilo 20, ba ta ɗaukuwa a babur.