Sharhi Kan Wata Rumfar Gyaran Keke a Zariya

Masu gyaran keke da dama, idan aka kawo musu keken da birkinsa yake kamawa ya ƙi saki, abin da suka saba yi shi ne su ɗiga baƙin mai a bakin wayar, su mammatsa hannun birkin, su ce aiki ya kammala. Rumfar da nake magana a kanta, wadda take kusa da Ƙofar Doka a Zariya, tana bincike kafin ta taɓa komai, kuma wannan ne ya sa na ga ta cancanci a yi rubutu a kanta.

Keken da na kai na gwanjo ne mai giya, kuma birkinsa na waya ne, samfurin V-brake, ba irin na sandar ƙarfe da aka sani a tsofaffin kekunan Phoenix ba. Birkin baya ne yake maƙalewa: idan aka matsa hannun sai ya dawo a sanyaye, robar birkin kuma ta ci gaba da gogar rim, wato ƙarfen da taya take zaune a kai, har tuƙi ya yi nauyi.

Maigidan rumfar ya fara da zare wayar daga jikin birkin, sannan ya matse ƙarafan nan biyu masu riƙe da roba da hannunsa ya sake su. Ya bayyana mini cewa idan suka koma da ƙarfi, to laifin yana ga waya, idan kuwa suka yi nawa, to tsatsa ce a wurin da suke juyawa ko kuma sifirin ya gaji. A nawa keken duka biyun aka samu. Ƙarfen hagu ya cije saboda ruwan damina da ya shige shi, don haka ya kwance shi, ya goge sandar da yake zaune a kai har ta yi haske, ya shafa giris kaɗan ya mayar. Wayar kuwa ta fara tsintsinkewa a cikin rigarta, wato bututun da take bi ta ciki, rigar ma ta tsage a daidai lanƙwasar da ke ƙarƙashin sirdi, inda ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta zama laka. A nan ne na gane illar baƙin mai, domin sauƙin da yake kawowa na ɗan lokaci ne, daga baya sai ya tara ƙura.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya ƙi sa mini rigar wayar giya a madadin ta birki, alhali ita ce yake da ita a kusa. Wayar birki kaurinta ya kai milimita 1.6, rigarta kuma milimita 5 ce mai naɗaɗɗen ƙarfe a ciki, yayin da rigar giya take da siraran wayoyi a miƙe waɗanda za su iya fashewa idan aka danne birki da ƙarfi. Gwamma ya aiki yaronsa kasuwa, ni kuma in jira, da ya sallame ni da abin da zai ci amanata a gangare. Bayan ya ɗaura sabuwar, ya daidaita ƙananan sukurorin sifirin har robobin biyu suka bar tazara iri ɗaya daga rim, sannan ya juya tayar don ya tabbatar rim ɗin bai karkace ba.

Rumfar tana da nata rauni. Kayan gyara ba su da yawa, saboda haka jira ya zama dole, ga shi babu wurin zama na kirki ga mai jira. Wayar da aka samo ma ba irin wadda ba ta tsatsa ba ce, kuma bai rufe bakinta da ɗan murfin da ke hana ta warwarewa ba sai da na yi magana. Kuɗin aikinsa ya ɗara na maƙwabtansa kaɗan, amma ya faɗi farashin tun kafin ya ɗauki sifana, bai kuma ƙara ko kwabo a kai ba. Wanda birkinsa na faifai ne mai amfani da mai ya nemi wani wuri, domin maigidan da kansa ya ce ba ya karɓar irin wannan aiki.