Germall Plus ko haɗin benzoate da sorbate: wanne za ki sa a kirim ɗinki?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambayi sinadarin da za ki sa ya hana kirim ɗinki lalacewa. Tunda kirim ɗin fuska ne mai ruwan alobera da zuma, kuma zaɓin naki tsakanin Liquid Germall Plus ne da garin sodium benzoate da potassium sorbate ɗin nan da ake tallatawa da sunan oganik, ki ɗauki Germall Plus. Duka biyun sun ratsa hannuna, ɗaya yana kan teburina har yau, ɗayan kuwa ragowarsa na ba mai yin zoɓon sayarwa a layinmu.

Shekara huɗu ke nan ina haɗa kirim da Germall Plus. Abin da ya ƙara ɗaure ni da shi wata kwastomata ce, malamar makaranta, da ta sayi roba ɗaya ana gab da faɗuwar damina. A banɗaki take ajiye ta, tana fitowa daga wanka ta tsoma yatsa da danshinsa ta lakato. Haka aka ci Yuli da Agusta, lokacin da ko takalmin fata ka ajiye a lungu sai ya yi funfuna. Bayan wata huɗu ta dawo min da robar in sake cika mata. Na buɗe na duba ɗan abin da ya rage a gindi, fari tas, ƙamshin man kaɗanya na nan yadda na zuba shi, babu ruwa a sama, babu ɗigon baƙi a murfi. Wallahi ranar na ji daɗi har cikin raina, don na san abin da zuma da alobera suke jawowa. Abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kamar yadda ruwan shinkafa, madara da kurkum suke.

Sinadari uku ne a cikin Germall Plus: diazolidinyl urea mai kashe bakteriya, da IPBC mai maganin funfuna da yis, sai propylene glycol da aka narkar da su a ciki. Ana sa shi daga 0.1 zuwa 0.5 cikin 100. Ni a zafin garin nan ba na sauka daga 0.5, wato giram 5 a kilo ɗaya na kirim, ko giram 2.5 a rabin kilo. Yana aiki daga pH 3 har zuwa 8 (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba na nufin tsami ya fi yawa), shi ya sa yake rufa wa sabon hannu asiri. Sharaɗinsa ɗaya, kada ki zuba shi kirim na da zafi. Ki jira ma'aunin zafi ya nuna ƙasa da digiri 50 tukuna, ki juya sosai ya shiga ko'ina. Kuma don Allah ki nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, mai karanta 0.01. Sikelin kicin da murfin kwalba ba za su auna miki giram 2.5 daidai ba.

Ba zan ɓoye miki inda yake da magana ba. Diazolidinyl urea yana sakin formaldehyde kaɗan-kaɗan, da shi yake aikin, kuma akwai masu fatar da ba ta jituwa da shi, sai ƙaiƙayi ko ƙuraje. Ba a sa shi a man leɓe ko abin fesawa da za a iya shaƙa. Dokar Tarayyar Turai ta hana IPBC a man shafawa na yara 'yan ƙasa da shekara 3, ta kuma hana shi a man da ake shafe jiki gaba ɗaya da shi. To in wata rana kin koma yin na jarirai ko na jiki, ki nemi haɗin phenoxyethanol da ethylhexylglycerin, irin Euxyl PE 9010, a kashi 1 cikin 100. Shi ne ma ya dace da sabulun salo na ruwa, wanda pH ɗinsa kan kai 9 zuwa 10, ya wuce inda Germall ke iya aiki.

Benzoate da sorbate kuwa suna da araha, kuma ba ƙarya suna aiki, amma sai a cikin abu mai tsami. Dalilin da ya sa kike ganinsu a jikin lemon kwalba ke nan. Sai pH ya sauka wajen 5 ko ƙasa suke komawa asid ɗin da ke hana funfuna. A pH 7 abin da ke aiki a cikinsu ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Ni ban san haka ba lokacin da na saya. Roba 30 na haɗa, ban auna pH ba, kafin sati uku baƙin ɗigo ya fito a gefen murfi, na bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya na karɓo kayana na mayar musu da kuɗinsu. Ko an saita tsamin da sitirik asid, ƙarfinsu a kan bakteriya kaɗan ne, sai an haɗa musu da wani.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: ki kula da wurin da za ki saya. Germall Plus ruwa ne garai mai ɗan kauri, ido ba ya bambanta shi da gilisarin. Akwai masu saye da yawa su tsiyaya a ƙananan robobi marasa takarda, wasu su sirka, wasu su sayar da wanda ya sha rana a shago har ya mutu. Ki tambayi lambar zubi, ranar ƙarewar aiki da takardar shaidar gwaji ta kamfani. Wanda ya fara kame-kame, ki kama gabanki. Duk kuma wanda ya ce miki bitamin E ko ruwan rosemary zai tsare kirim mai ruwa, kuɗinki yake so. Aikinsu hana man da ke cikin kirim yin ɗoyi ne, ba za su tsare shi daga ƙwayoyin cuta ba.

Sai gwaji, kuma nan ne yawancinmu muke gaggawa. Duk haɗin da na yi nakan cire ƙananan robobi uku in rubuta kwanan wata. Ɗaya a durowa, ɗaya a taga inda rana ke dukanta, ɗaya a banɗaki ina tsoma yatsa kullum kamar yadda kwastoma za ta yi. Duk sati ina duba launi, wari, kauri, da pH. In ya rabu, ya yi tsami, ko murfi ya kumbura, haɗin ya faɗi. Amma ki riƙe wannan da kyau: gwajin gida faɗuwa kawai yake iya nuna miki. Kirim zai iya zama fari mai ƙamshi alhali cike yake da bakteriyar Pseudomonas, wadda in ta shiga ido tana yin mummunar illa, ga shi naki na fuska ne.

Gwajin gaskiya a ɗakin gwaje-gwaje ake yinsa. A tsarin gwaji na duniya mai suna ISO 11930, da gangan ake zuba ƙwayoyi iri biyar a cikin kirim ɗin, bakteriya uku, yis ɗaya, funfuna ɗaya, sannan a ƙirga abin da ya rage a rana ta 7, ta 14 da ta 28. Tunda sayarwa za ki yi, kuma gaba za ki nemi rajistar NAFDAC, ki fara tara kuɗinsa tun yanzu. Kafin nan ki leƙa sashen nazarin ƙananan halittu na jami'ar da ke kusa da ke, ki tambaya ko za su ƙirga miki ƙwayoyin da ke cikin samfur.

Ki yi amfani da tataccen ruwa na distil, ba na rijiya ko na leda ba. Ki goge kwanuka da muciya da robobi da sifirit mai ƙarfin 70 cikin 100 ki bar su su bushe. In da hali ki zuba a kwalba mai famfo maimakon roba mai faɗin baki. Ki fara da ƙaramar kwalbar Germall Plus da haɗin giram 200 kacal, ki auna pH ɗin, in ya faɗa tsakanin 5 da 5.5 kin dace da abin da fatar fuska ke so. Ki turo min abin da kika samu da jerin kayan da kika zuba, in sha Allahu zan duba miki lissafin kafin ki yi babban zubi.