Kwata, rabi ko sai jar wuta ta kama: yaushe ya kamata ka koma gidan mai a Sakkwato?

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 shan mai ya koma lissafi, kowa da irin tashi dabara. A garin nan masu mota sun kasu kusan gida huɗu, akwai wanda allura na taɓa rabi sai gidan mai, akwai mai jiran kwata, akwai wanda sai jar wutar da ke nuna mai ya kusa ƙarewa ta kama, sannan ga 'yan "zuba min na dubu biyar" kullum safe waɗanda allurarsu ba ta taɓa ɗagowa daga ƙasa ba. Ni kam ɗan kwata ne, kuma ga dalilina.

Yawancin motocin da muke hawa yanzu, Corolla ce ko Camry ko Honda, famfon mai ɗinsu a cikin tanki yake zaune, kuma man da ke kewaye da shi da wanda ke bi ta cikinshi shi ke sanyaya shi. To ka duba zafin Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 kwalta na turiri, ka bar famfo yana aiki da ɗan guntun mai mai zafi a gindin tanki kullum kullum, ai ba ka kyauta mishi ba. Ba wai ranar farko zai ƙone ba, a hankali yake gajiya, sai ka fara jin wani ƙugi daga wajen kujerar baya, mota ta fara shiɗewa in ka taka ta a hawa, wata rana da rana tsaka ta ƙi tashi. Kuma in mai ya yi ƙasa sosai, duk kwana ko rami da ka faɗa man na gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska. A kwata duk wannan ba ya faruwa.

Ga kuma lissafin hanya. Tankin Corolla wajen lita 50 yake ci, kwatarshi lita 12 da ɗoriya kenan, wanda zai kai ka Illela ba fargaba tunda tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Jar wuta kuwa a ƙananan motoci galibi tana kamawa ne in abin da ya rage bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, lita 5 zuwa 7 kenan, ka kunna esi ka shiga cunkoson kasuwa ka ga yadda zai tafi. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a yanayin da ake ciki hanyar Gusau ko ta Isa da Sabon Birni ba wurin da mutum zai so mai ya yanke mishi da iyali a mota ba ne, balle magariba ta kawo jiki. In tafiya ce irin wannan ma ka manta da batun kwata, cika tanki tun cikin gari. Sannan mai kwata yana da zaɓi, in ya tarar da layi ko bai yarda da gidan man ba sai ya wuce gaba, wanda wuta ta kama mishi duk inda ya samu nan zai sha.

Rabin tanki ba laifi, mai hali ya yi, amma a cikin gari yawan zirga-zirgar gidan mai ne kawai. Jiran jar wuta kuwa ba tsari ba ne.

'Yan dubu biyar kullum su nake tausayi don na san ba da son ransu ba ne, aljihu ne. Amma ɗan'uwa ka lura, man da mota ke sha a rana duk ɗaya ne, ko allurar na sama ko na ƙasa. In albashi ya shigo ko ka yi ciniki mai kyau, ka daure sau ɗaya ka ɗaga allura ta haura kwata, daga nan ka ci gaba da zuba na dubu biyar ɗinka kamar yadda ka saba, kuɗin da kake kashewa kullum bai ƙaru da ko sisi ba amma famfonka ya huta.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci, wato inda ake shan man. Ni abin da ya taɓa kashe min famfo mai ne mai ruwa da na sha a wani gidan mai a bayan gari, ban yi nisa ba mota ta fara tari tana fizga, sai da bakanike ya sauke tanki ya wanke, aka canza famfo da filta, kuma wanda aka fara sa min ɗin ma jabu ne a kwali mai kyau, bai daɗe ba ya bi sahu. Kun tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan methanol ƙasar nan, motoci suka lalace, layi ya dawo? To in na jirgin ruwa zai iya zuwa a gurɓace, ina ga na galan a bakin titi. 'Yan bumburutu sana'a suke kuma akwai na Allah a cikinsu, amma ba ka san daga inda man ya fito ba, ba ka san kwana nawa jarkar ta yi a rana ba, wasu na haɗawa da kananzir, galan ɗin da ake ce maka lita huɗu an matse shi ko an rage wuya. Kuma wa ke zuwa wurinsu? Wanda ya jira jar wuta ƙarfe goma na dare.

A gidan mai ma dan Allah ka sauko daga mota. Ka ga an mayar da mita sifili kafin a sa maka bututu, don akwai yaran da za su ɗora maka kan na mai babur ɗin da ya sha kafinka, wani ya ja ka da hira ko ya tsaya ya kare maka allon. Ka riƙa sayen lita maimakon faɗin kuɗi, ka fi gane abin da ya shiga. Akwai gidajen da aka taɓa mitarsu, lita goma a allo amma a jarka ba ta cika goma ba, hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai na rufe irinsu amma ba kullum take wurin ba, shi ya sa in ka samu gida ɗaya mai gaskiya ka riƙe shi. In ka tarar tanka na sauke mai a lokacin, ka wuce ka dawo anjima, saukewar na tayar da datti da ruwan da suka kwanta a rijiyar ƙasa. Kuma in bututu ya katse da kanshi a bar shi haka, kar a ce a girgiza mota a ƙara har wuya, fetur na kumbura da zafi, zai yi ta tsiyaya yana wari a banza.

In kuwa ka sha mai ka ji mota ta canza murya nan take, kar ka ce bari in lallaɓa in kai gida, ka faka ka kashe ta ka kira bakanikenka, ya ɗebi kaɗan a gorar roba mai haske ku duba, in da ruwa za ku gan shi kwance a ƙasa.