Iskar Kifin Gida a Zamanin Dumsor: Wanne Za Ka Saya?

Duk mai ajiye kifi a akwatin gilashi a Accra, ko a Nima yake ko Mamobi ko Madina Zongo, ya san abu biyu ne ke kashe masa kifi cikin dare: zafi da ɗaukewar wuta, wato dumsor. Kuma hannu ɗaya suke aiki. Ruwa in ya ɗau ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9, amma in ruwan ya kai digiri 30, wanda ba abin mamaki ba ne a ɗakin kwano cikin watan Maris, sai ta sauko wajen 7 da rabi. Kifi kuwa a ɗumi ne jikinsa ya fi cin iska. Ga iska ta ragu, ga buƙata ta ƙaru, sannan a ɗauke wuta famfon da ke hura wa ruwan iska ya yi shiru. Kafin kiran assalatu kifayen sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki.

Saboda haka ni tambaya ɗaya nake wa kowace na'ura kafin in ciro kuɗi: in babu wuta, ni ma ba na gida, za ta ci gaba da aiki? Wanda ya ga shekarar 2015, lokacin da ake kwana a wuni babu wuta, ba zai ce na cika tsoro ba.

Abin da ya amsa mini wannan tambayar shi ne na'urar faroksaid, wadda aka fi sani da Söchting Oxydator, ƙirar Jamus. Ba ta da waya, ba ta da batir, ba ta ƙara. 'Yar kwalba ce da ake cika wa da ruwan haidurojin faroksaid, irin wanda ake wanke ciwo da shi, a jefa wani ɗan guntun dutse a ciki, a rufe, a kifa ta cikin wani mazubi na tangaran, a ajiye a ƙasan tanki. Ɗan dutsen nan shi ke fasa kaɗan daga cikin faroksaid ɗin, iskar da ta fito ta taru a saman kwalbar, ta riƙa tunkuɗo ruwan waje ta wata 'yar ƙofa, ɗigo-ɗigo. Da ɗigon ya taɓa tangaran sai ya rabu gida biyu, ruwa zalla da oksijin. Shi ke nan aikinta. Babu abin da ke juyawa a ciki balle ya ƙone ko ya karye.

Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka. Lita ɗaya ta faroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari tana ba da kusan lita 10 ta oksijin, mai kashi 6 kuma lita 20. Wannan ne ma'anar lambar 10 ko 20 da ake gani a jikin wasu kwalaben. Kuma ba iskar ɗaki ba ce da oksijin ɗinta bai wuce kashi 21 ba, tsantsa ce, tana fitowa daga ƙasa inda kashin kifi da ragowar abinci ke ruɓewa suna cinye iskar. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take tafiya da zafi. Masu ƙera ta sun ce duk ƙarin digiri 8 yana ninka abin da take fitarwa. Wato ranar da ruwa ya fi zafi, kifi ya fi galabaita, ranar ce ta fi ba da iska, ba tare da ka taɓa komai ba. A garinmu wannan yana nufin kwalbar za ta ƙare da wuri fiye da abin da ke rubuce a takardarta, domin ba da yanayin Accra aka yi lissafin ba. Ka riƙa leƙa ta duk mako. Mai tsirrai a tanki yana da ƙarin riba, don ba ta motsa saman ruwa ta kori iskar kabon dayoksaid da tsirrai ke sha. Wanda tankinsa ke ɗakin kwana kuma zai yi barci babu gurnani a kunne.

Girmanta kashi-kashi ne. Akwai Mini ta ƙananan tankuna, akwai D da ke ɗaukar har lita 100, akwai A har lita 400. Auna tankinka kafin ka yi oda: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, ka raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan. Kada ka ce bari ka sayi babba don iska ta yi yawa, ko ka zuba duwatsu uku inda aka ce ɗaya. Faroksaid ɗin da ya fito bai samu ya rabu ba yana ƙona kunnuwan da kifi ke numfashi da su, yana kashe jatan lande da dodon koɗi tun kafin kifin ya nuna alama.

Sauran fa? Famfon iska na lantarki da dutsen kumfa shi ne mafi araha, yana aiki sosai, amma shi da wuta rai ɗaya gare su. Famfo mai manyan batura sai kana gida ka kunna, kuma cin batirinsa ya isa. Ɗan ƙaramin famfo na USB da ake jona wa fawa bank ba laifi, sai dai a gidan da ke da samari, fawa bank ba ta kwana inda ka ajiye ta. Ƙwayoyin oksijin da ake jefawa a ruwa na tafiyar mota ne, ba na zaman gida ba. Masu tsiyaya faroksaid kai tsaye cikin tanki da murfin kwalba kuwa caca suke da ran kifi. Wanda kawai zan ɗaga wa hula shi ne famfo mai batir a ciki, wanda ke komawa kan batirin da kansa in wuta ta tafi. Yana da kyau, amma batirin na awoyi ne, kuma zafi yana tsufar da shi.

Gaskiya ɗaya da dole a faɗa: na'urar faroksaid iska take bayarwa, ba ta tace ruwa. Ƙananan halittun da ke zaune a filta, wato matatar ruwan tanki, suna cinye dafin kashin kifi, su ma sai ruwa na gudana ta kansu suke rayuwa. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ka daina ba kifi abinci, ka canza wani ɓangare na ruwan da wanda aka cire wa kilorin. Wanda kuma betta ko gurami ko tarwaɗa kaɗai yake kiwo, waɗannan suna haɗiyar iska daga saman ruwa, ba su matsu da ita ba. Masu golfish da masu cunkusa kifi a ƙaramin tanki su ne abin ya shafa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne nake so ka nutsu, ɗan'uwa. Na'urar sau ɗaya za ka saya, amma ruwanta kullum cikin saye kake, kuma a ruwan ne ha'incin yake. Wani mai kanti ya taɓa sayar mini da kwalba mai lakabi tsaf, murfi a rufe, ashe abin da ke ciki ya daɗe da komawa ruwa. Na'ura tana zaune a tanki, ana ganin kwalba cike, hankali kwance, alhali babu abin da ke fita. Wannan ya fi rashin na'urar muni, domin wanda ba shi da ita aƙalla yana tashi cikin dare ya duba. Faroksaid ba ya son rana, ba ya son zafi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Duk wanda ka gani a farar roba, an shanya shi kan tebur a bakin titi, wuce abinka ko da kyauta ne. Shiga kantin magani mai rajista. Masu saye da yawa sun san layin magunguna na Okaishie. Duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana, duba ranar lalacewa, duba ƙarfin da aka rubuta. In ka kawo gida gwada shi kafin ya shiga tanki: yanki ɗanyar hanta ko ɗanyen dankalin turawa, ɗiga masa kaɗan. Mai rai nan take zai yi farar kumfa yana tsiyaya. In ya kwanta shiru, ruwa ka saya.

Na biyu, faroksaid ɗin masu gyaran gashi. Shi ya fi sauƙin samu, a kowane shagon kayan kwalliya yana nan, da lamba 20 ko 30 ko 40 a jiki, kuma mai shago zai rantse maka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. An haɗa shi da mai da sinadaran kauri, wani har da ƙamshi, duk guba ne ga kifi. Lamba 40 kuma kashi 12 ke nan, ya yi wa tankin ɗaki ƙarfi. Haka mai kashi 35 ko 50 na masana'antu da wasu ke ɗurawa a jarka su ce ka surka da kanka. Wannan yana ƙona fata, yana iya makantar da ido, ba kayan gida mai yara ba ne. Tsaya kan kashi 3 ko 6, gwargwadon abin da takardar na'urarka ta ce.

Ita kanta na'urar ana kwaikwayonta. A Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp za ka ga hoton ta asali da farashin da ya yi daɗi fiye da kima. Araha ba ta ado. Ta jabu yawanci ƙofarta ta yi faɗi ko murfinta ba ya kamawa, sai faroksaid ya tsiyaye cikin kwana ɗaya, ko kuma a sa mata mazubin roba a maimakon tangaran, babu abin da zai fasa ɗigon kafin ya isa ga kifi. Kada ka tura MoMo, wato kuɗi ta waya, kafin ka riƙe ta a hannu. Ka ce a nuna maka kwali da takarda da 'yan duwatsun, ka tambayi inda za ka samu wasu in ɗaya ya ɓace, domin ƙanana ne ƙwarai, wurin wanki suke bin magudana. Mai sayarwar da ya fara kame-kame a kan wannan tambayar bai san kayansa ba.

Ko ta asali ce, fara gwada ta a bokitin ruwa babu kifi. Yi wa kwalbar alama da maka daidai inda ruwan ya tsaya, ka bar ta ta kwana biyu. In ruwan ya ɗan sauka kaɗan, da 'yan ƙananan kumfa manne a jikin tangaran, sa ta a tanki. In ya zube sosai ko bai motsa ba sam, mayar wa mai ita.